Ƙofar Ɗakin Inna

Gobarar ta tashi ne da hantsi, ranar kasuwar Yankara, lokacin da mazan unguwa suka watse. Wuta ta kama dangar karan maƙwabta, iska ta tura ta zuwa rumfar da ke jikin ɗakin Inna Barakatu, daga nan ta zura ta taga ta sami katifar soso. Matan unguwa ne suka fito da tsohuwar, suka kashe wutar da ruwan randa da ƙasa. Ba a rasa rai ba, bango kuma bai faɗi ba, amma cikin ɗakin ya koma baƙi ƙirin tamkar gindin tukunya, ƙauri kuwa tun daga zaure yake tarar mutum.

Shekara tara ke nan da Inna ta rasa ganinta. A cikin shekarun nan ba ta taɓa neman ɗan jagora a gidanta ba. Ita ke ɗiban ruwan alwalarta, ita ke kai kanta makewayi, har tsintar wake takan yi a bakin ƙofa. Da gobara ta raba ta da ɗakin, sai babbar 'yarta Shafa'atu ta ɗauke ta zuwa gidan aurenta a Sabuwa, kafin a yi gyara.

Mas'udu, autanta, ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a Kankara. Kwana goma bayan gobarar, yayarsa ta kira shi ta gaya masa abin da ya hana shi sukuni. Inna ba ta san gidan Sabuwa ba, inda aka ajiye ta nan take wuni. Ta rage cin abinci, ruwa ma sai ta jiƙa leɓe kawai, domin kada ta buƙaci a kama hannunta a kai ta makewayi a gidan suruki. Mas'udu ya san abin da ƙarancin ruwa ke yi wa tsoho a watan bazara. Washegari ya nemi hutun mako uku, ya kama hanyar gida.

Da farko gaggawa ta sa ya sayo fenti ya shafe bangon har sau biyu. Kwana biyu kacal sai baƙin ya ɓullo ta cikin fentin dabbare-dabbare, ƙaurin kuma yana nan yadda yake. Nan ya je ya ɗauko Baba Ɗanhausa magini, mutumin Daudawa, tsohon abokin marigayi mahaifinsa. Maginin ya sa farce ya ƙwaƙuli bangon, ya sansana, ya ce hayaƙin soso maiƙo gare shi, ya riga ya shige cikin yaɓe. Ba fenti ko farar ƙasar da za ta danne shi. Dole a kankare yaɓen gaba ɗaya har a kai ga ƙasa mai ja, a sauke rufin, a ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya a ware waɗanda wuta ta ci cikinsu.

Haka aka yi. Kwana huɗu suna kankara, su biyu, hanci ɗaure da ƙyalle, suna kwashe baƙar ƙasar a baro zuwa bayan gari. Cikin azara goma sha huɗu, biyar suka yi amon kogo, aka canja su. Da bangon ya tsaya tsirara, Mas'udu ya zauna a tsakiyar ɗakin yana kallonsa, sai tunani ya zo masa cewa tun da an kai nan, ai bai kamata a mayar wa Inna ɗakin da ya kusa halaka ta yadda yake ba.

Ƙofar ɗakin a bangon yamma take, 'yar tsukuka, tana kallon lungu, kuma tana da dokin ƙofa mai tudu wanda ko mai ido yakan yi tuntuɓe da shi. Ya ce a toshe ta, a fasa wata mai faɗi a bangon kudu, wadda za ta fuskanci tsakar gida kai tsaye, ba tare da wani tudu ba. A bangon gabas akwai alkuki, wato ɗan gurbin da ake ajiye fitila a da. Ya cika da baƙin hayaƙi, sai Mas'udu ya ce a cike shi. Tsohon daɓe mai kwari da tudu kuma a zuba masa siminti, bango a yi masa filasta mai sulɓi.

Baba Ɗanhausa ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambaya ko mai ɗakin ta san da wannan tsari. Mas'udu ya ce so yake ta dawo ta tarar, kuma duk abin da ya tsara don lafiyarta ne. Maginin ya ce to, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, ya ɗauki gudumarsa.

Aikin ya yi kyau, babu mai musu. Matan unguwa suka riƙa leƙowa suna sa wa Mas'udu albarka. Ranar da ya je Sabuwa ɗauko ta, ya tarar Inna ta zabge, wuyan hannunta ya koma kamar sillen kara. A mota ba ta yi magana mai tsawo ba, illa ta tambaya ko randarta ta tsira. Da suka iso, mata suka yanyame ta da barka da arziki, shi kuma ya riƙo hannunta ya ratsa da ita cikinsu, ya shigar da ita ya zaunar a sabuwar katifa. Cikin hayaniyar bai tuna ya gaya mata ta inda suka shigo ba.

Da aka kira la'asar, baƙi suka watse. Mas'udu ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga Inna a tsaye tana shafa bango da tafin hannu. Ta bi shi har kusurwa, ta dawo, ta sake bi. Sai a lokacin ya gane alkukin take nema, kuma da shi take gane gabas. Kafin ya buɗe baki, ta juya ta nufi inda iska ke shigowa, ta taɓa gefen ƙofar, ta ba ta baya kamar yadda ta saba shekara da shekaru, ta shimfiɗa darduma, ta kabbara. Arewa ta fuskanta.

Ya tsaya kamar an dasa shi. Bai san ko ya katse ta ba ko ya bari. Yana nan yana jujjuya abin a ransa har ta yi raka'a huɗu ta sallame. Ya ji zuciyarsa tana raya masa ya yi shiru, gobe ya san dabarar da zai juya mata dardumar. Amma ya san hutunsa saura kwana biyar. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa kusa da ita.

"Inna, an sauya wa ƙofar wuri. Yanzu a kudu take. Arewa kika kalla."

Ta miƙo masa hannu, ya juya ta gabas, ta sake sallar daga farko. Da ta idar ta daɗe tana jan carbi, sannan ta tambaye shi alkukin. Ya ce an cike. Dokin ƙofa fa? An cire. Ta shafa simintin da ke gefen dardumar, ta ce a da akwai wani ɗan kwari a nan, in diddigenta ya faɗa ciki ta san taku uku ya rage ta kai gado.

"Auta, ka yi ƙoƙari, Allah shi yi maka albarka," in ji ta. "Amma ka maishe ni Sabuwa. Can na san ni baƙuwa ce. Nan kuwa sai in riƙa tsammanin gida nike."

Ya yi mata bayanin hayaƙi da huhu, da haɗarin tuntuɓe, da saurin fita idan wani abu ya sake faruwa. Ta bar shi ya gama. Ta ce dokin ƙofar da yake tsoro bai taɓa kayar da ita ba, shi ne ma ke gaya mata ta iso. Ta ce a gaya wa direban da ya kawo su ya biyo ta ranar kasuwa. Mas'udu ya lissafa, kwana huɗu ke nan. Ya roƙe ta ta ba shi kwanakin, ta ce ai ba ita ke da su ba.

Da sassafe ya hau babur zuwa Daudawa. Ya yi zaton Baba Ɗanhausa zai tuna masa tambayar da ya yi, amma tsohon bai ɗaga maganar ba. Ya dai ce fasa sabuwar filasta ya fi yin ta ciwo, ya ɗaura jakar kayan aikinsa a bayan babur.

A wannan karon Inna aka shimfiɗa wa tabarma a tsakiyar ɗakin, ita ke ba da umarni. Maginin ya bi bangon yamma yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma har ya ji inda amo ya sauya, ya fasa, tsohuwar ƙofar ta bayyana. Sabuwar kuma aka jera mata tubali, aka bar samanta a matsayin taga, domin a nan Mas'udu ya dage, Inna kuma ta ce iska ba ta ɓatar da kowa. Da aka zo dokin ƙofa, ta ce tudunsa taƙi ɗaya ne da yatsu biyu. Baba Ɗanhausa ya auna da hannunsa, ta ce da nata za a auna.

"Hajiya, ashe magini ke zaune gidanga shekara arba'in ba mu sani ba," in ji shi.

"Kai dai yi abin da aka sa ka. Da abokinka na da rai, da ba ku toshe mani ƙofa ba."

"Shi da ko kaskon turare bai iya ɗagawa sai ya tambaye ki."

Ta yi 'yar dariya, ta farko da Mas'udu ya ji tun kafin gobarar.

Alkukin ne ya ba su wahala. Simintin da aka cike shi da shi ya riga ya kama, sai da aka wuni ana sara. Da aka gama ta miƙe ta sa hannu, ta ce ya fi na da zurfi, kuma ya ɗan hau sama. Mas'udu ya zabura zai ce a sake, ta ce a bar shi haka, ta same shi. Kwarin daɓe kuwa babu yadda za a yi a dawo da shi daidai. Haka ma wata 'yar hanya mai santsi da ta ce hannunta ya yi a jikin tsohon yaɓe, daga gado zuwa ƙofa, wadda Mas'udu da kansa ya kankare ba tare da ya lura da ita ba. Maginin ya ce zai iya shafa ɗanyen siminti a wurin ta ja yatsunta a kai kafin ya bushe. Ta ƙi.

"Waccan ba rana ɗaya aka yi ta ba. In da sauran kwana, hannu zai yi wata."

Ranar kasuwa, wajen ƙarfe goma, direban ya tsaya a ƙofar gida ya danna ham. Mas'udu yana tsakar gida yana tara ɓaraguzan filasta. Bai shiga ɗakin ba, bai kuma kira ta ba. Can ya ji motsinta. Ta fito ta ƙofar lungu, hannunta a bango, ƙafarta ta daki dokin ƙofar ta ɗan yi tangaɗi. Ya yi taku biyu zuwa gare ta, sannan ya tsaya, ya haɗa hannuwansa a baya. Ta daidaita, ta tsallake, ta biyo jikin katanga a hankali har ta iso zaure, ta tsaya daga ciki ta amsa gaisuwar direban.

Ta ce ya yi haƙuri da wahalar da aka ba shi. In ya isa Sabuwa, ya biya gidan yarinyar nan, babbar 'yarta, ya ce ta aiko mata da akwatinta da bargonta, kuma ta duba ƙarƙashin gado, ta mance takalminta ƙafa ɗaya a can.