Ina Janar?

Yayana ne ya kawo karen a cikin kwali, wai don Baba ya samu abokin hira. Ya ɗauki hoto da shi, ya shiga motarsa ya koma garin da yake aiki. Ni ce auta, ni ce ban yi nisa ba, don haka ni aka bar wa Baba da kare da kashin kare.

Baba ya sa masa suna Janar. Kafin shekara ta zagayo Janar ya kai ƙugun mutum, kuma bai san ƙarfinsa ba. Baba kuwa tsohon mai gyaran agogo ne, shekararsa tamanin da ɗaya, iska mai ƙarfi ma sai ta kayar da shi. Ga mantuwa ta kama shi. Da makulli ta fara, sai murhu, sai ni. Wata rana ina saka masa maɓallin riga ya dube ni ya ce, "Yarinya, wa ya ɗauke ki aiki a nan?" Tun daga ranar na zama yarinya. Amma sunan Janar bai taɓa ɓace masa ba, da shi yake tashi daga barci. Ba zan ɓoye ba, na yi kishin kare. Na ji kunyar hakan, amma kunyar ba ta rage komai ba.

Faɗuwar farko a ƙofar banɗaki ce, Janar ya yi tsallen murna ya ture shi. Ta biyu a titi. Igiya tana naɗe a wuyan hannun Baba, kare ya hango kyanwa, ya ja shi a kan kwalta har gaban shagon mai walda. Ɗinki bakwai a goshi. Likita bai yi min kwana-kwana ba, ya ce, "In ya sake faɗuwa ƙugu ne zai karye, kuma a shekarunsa ba ya haɗuwa. Ki raba su."

Na kira Yaya a waya. Ya ce, "Haba Auta, ki riƙa sa ido mana. Karen nan ne kaɗai farin cikinsa." Na ce to ya zo ya ɗauki farin cikin ya kai gidansa. Ya ce matarsa ba ta son gashi a kan kujera.

Mai walda yana da ɗan'uwa mai gona a bayan gari. Da rana, Baba yana barci, ni da mai waldan muka buɗe wa Janar mota don kai shi can. Da kansa ya shiga yana kaɗa wutsiya.

Washegari da safe Baba ya ce, "Yarinya, ina Janar?" Na faɗa masa gaskiya. Ya jefe ni da kofin shayi, ya kira ni ɓarauniya. Kafin tsakar rana ya manta. Gari ya sake wayewa, ya sake tambaya. Na ce yana wurin likitan dabbobi, gobe zai dawo. Ya gyaɗa kai ya ci abincinsa. Shi ke nan na samu amsa, kullum gobe zai dawo.

Ranar da abin ya canza, tun da yamma ya fara min. Ya gaya wa maƙwabciya ina sace masa agogo. Ina wanke masa jiki ya kai min sanda a gwiwar hannu har ta kumbura. Da safe na kawo shayi da hannun hagu, ya ce, "Yarinya, ina Janar?"

Na ce, "Ya mutu. Mota ta take shi."

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko ranar da Mama ta rasu. Ya yi shi baki buɗe, yawu yana zuba a rigar da na goge. Na tsaya riƙe da faranti ina kallo, kuma raina ya yi sanyi. Da rana ya manta, ya nemi a kunna masa rediyo.

Na ce ba zan ƙara ba. Na ƙara. Duk ranar da ya ɓata min, da safe sai in kashe masa kare. Ba wanda ya sani, har shi kansa. Yaya ma yabona yake yi a waya, wai wata uku Baba bai faɗi ba. Gaskiya ne kuwa, ko tuntuɓe bai yi ba.

A karo na biyar, bayan na faɗa, ya kama wuyan hannuna da yatsun nan nasa na mai agogo. Yana kuka ya ce, "Yarinya, ki taimake ni. Ina da 'ya, autata. Ki nemo min ita. Da tana nan ba wanda zai bari Janar ya fita titi. Ita ba ta iya ganin hawayena."

Na ajiye faranti na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, ni ce. Ni ce Auta."

Ya share ido da bayan hannu, ya ƙura min ido a hankali, kamar yadda yake duba cikin agogo. Sannan ya saki hannuna.

Ya ce, "A'a. Ita tana da kirki."