Hannun Asta

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau, motar Alhaji Tambari ta kife da mutane tsakanin Moriki da Shinkafi. Alhamis ce, ranar kasuwa. Tayar gaba ta fashe, motar ta bar kwalta ta je ta kwanta cikin gonar gero. Ba wanda ya mutu. Kowa ya fito yana salati yana kakkaɓe jiki, ban da Asta mai daddawa, wadda ƙofa ta danne wa hannun dama.

Asta bazawara ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata aure ya kwashe su, ɗaya Maraɗi ɗaya Funtuwa. Tana zaune a ɗakin ƙurya a gidan yayanta Sule, nan Moriki. Ba ta tsufa ba fa, mutane ne dai suka daina kallonta, ita ma ta biye musu ta daina duba madubi.

Tana kwance a asibitin Kaura, allura ta sa ta barci, sai direban motar, wani Shu'aibu, ya durƙusa gaban Sule yana hawaye. Sule bai bari ya gama magana ba.

"Tashi, tashi. Ƙaddara ce. Mun yafe, duniya da lahira."

Haka ake yi a wajenmu. Mai mutunci shi ne wanda ya riga kowa faɗin haka, tun jini bai bushe ba. Aka yaba wa Sule har a masallaci. Mai hannun kuwa ba wanda ya tuna a tambaye ta.

Aka maido ta gida, maɗori ya ɗaure hannun da karare. Shu'aibu ya riƙa zuwa dubiya duk Alhamis, a bayan ɗan kabu-kabu. Ya zauna a zaure tare da Sule, ita ta shimfiɗa tabarma daga ciki, bayan ƙofa, ba ta ganin komai nasa sai ƙafafu da bakin riga. In ya ce, "Yaya hannu?" sai ya yi shiru ya jira amsa. Abin da ya kama Asta ke nan. Rabonta da a tambaye ta abu a tsaya a ji abin da za ta ce, tun mijinta na da rai.

Ga shi da labari. Rigimar da ake yi a tashar Kaura kan inda mata za su zauna cikin mota yanzu da doka ta zo. Jirgin ƙasa da ya shigo bayan an fid da rai, yara suka bi shi da gudu. Sule ya yi ta gyangyaɗi, ita tana bayan ƙofa tana danne dariya da gefen mayafi.

Hannu ya warke, sai dai yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa, ba ta iya dunƙula daddawa. Wata Alhamis Shu'aibu ya gyara murya ya ce, "To alhamdu lillahi, tunda sauƙi ya samu, kuma Malam Sule ya yafe…"

Asta ta san sallama in ta ji ta. Dama Ramatu, matar Sule, ta dawo daga makarantar matan aure da wata magana a makon nan: malaminsu ya ce rauni haƙƙin mai jiki ne, ba wa ba ƙane da ke da ikon yafe shi. Asta ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Ni ban yahe ba."

Sule ya wartsake daga gyangyaɗi. "Ke Asta, mi kika ce?"

"Hannuna ne, Yaya. Ina barci kuka yi kyauta da shi."

Shu'aibu ya ce, a hankali, "Gaskiyarta ce. Zan dawo."

Ya kuwa dawo. Garin duk ya ɗauka kuɗi take so, har ana cewa ashe Asta haka take. Ita ba ta ma san me za ta nema ba. Abin da ta sani, duk ranar da maganar ta ƙare, zuwansa ya ƙare. Sai ta samo dabara: duk Alhamis ta sallame shi da tambaya, dole ya dawo da amsa.

"Tambayo mini, fasinjan da ya shiga mota da ƙahwarsa, shina da haƙƙi?"

Ya je wajen magatakardan kotu a Zurmi, ya dawo ya ce yana da shi.

"To wa za shi biya, direba ko mai mota?"

Ya je wajen shugaban 'yan tasha, ya je wajen wani lauya a Kaura. Ya ce lauya ya ce ana iya kama su duka biyu, tunda tayar ta cinye kuma mai mota ya sani. Malamai kuma sun ce abin kuskure ne, ba ramuwa, sai diyya, dangi su taimaka.

Ta ce, "An ce Alhaji na da takardar inshora."

"Wagga takarda ta nuna wa 'yan sanda ce a hanya. Lauya ya duba ta, ya yi dariya."

"Maganin da ka saya mini, cikin diyya yake ko daban? Kuma tunda ɗorin gida aka yi, ba takardar likita, alƙali zai yarda? Yatsa biyu da hannu guda hukuncinsu ɗaya?"

"Ɗaya bayan ɗaya, don Allah. Kaina ba shi ɗauka."

Ita ma abin da take so ke nan.

Ramatu ba ta da saurin magana amma idonta ba ya barci. Wata Laraba da yamma ta leƙa ɗakin ƙurya ta tarar da Asta tana wanke mayafinta mai ruwan ƙwai da hannu ɗaya.

"Ikon Allah. Majinyaciya da kwalli. Halan gobe akwai shari'a a zaure?"

"Ramatu, fita idona."

"Ni mi na ce? Tambayoyin ne nake gani sun kusa ƙarewa. In kina so in aro miki wasu wajen malam."

Asta ta watsa mata ruwan wanki, amma da Ramatu ta fita sai ta zauna bakin gado. Ba aure ta sa a rai ba, ta san yana da iyali a Kaura, ta san ta girme shi. Muryar kawai take so, da wannan ɗan shirun da yake yi yana jiran ta. Daga Juma'a zuwa Laraba tara abin da za ta faɗa masa take yi.

Sule ne ya gaji. Kunya ta hana shi zama majalisa, sai ya kai maganar gaban alƙali a Zurmi don a yi sulhu a huta. Aka kira Alhaji Tambari, ya zo da motar, an gyara ta an yi mata sabon fenti.

A nan Asta ta fara ganin Shu'aibu sosai, ba ƙofa tsakani. Ya rame. Wuyansa duk ya saɓule, ƙurar dawa ta kwanta cikin gashinsa. Alƙali ya tambaye shi sana'arsa, kafin ya amsa Alhaji ya karɓe.

"Allah shi gafarta malam, direbana ne, amma na riƙe makulli. Na rantse ba shi taɓa motata sai wagga magana ta mutu. Dako yake yi a kasuwar hatsi."

Ashe duk watannin nan buhu yake ɗauka. Rigar da take gani a zaure ta Juma'arsa ce, kuɗin kabu-kabu kuwa daga abincin gidansa yake tsakurowa. Bai taɓa faɗa ba, ita kuma duk tambayoyinta ba ta taɓa yin wannan ba.

Alƙali ya juyo gare ta. Dattijo ne mai sanyin magana.

"Baiwar Allah, yafewar yayanki ba ta hau kanki ba. Haƙƙinki ne. In kina so a ƙiyasta raunin a biya ki, za a yi. In kin yafe, lada na gare ki. In kuma kina son lokaci ki yi shawara, sai in ɗaga zama."

A ɗaga zama. Kalmar ta yi mata daɗi har cikin ƙashi. Wata guda, ko biyu, zaure da murya. Ta saci kallon wuyan Shu'aibu.

"Allah shi gafarta malam, tambaya guda. In na yahe yau, ana iya tada maganar nan gaba?"

"Ba a iyawa. Ta ƙare ke nan."

Ta daɗe tana duban yatsunta biyu.

"Na yahe mishi."

Aka yi fatiha. Alƙali ya sa Alhaji ya maida wa Shu'aibu abin da ya kashe na magani, Alhaji ya amsa yana ƙunƙuni, ya ciro makulli ya jefa masa tun a bakin kotu. Ya ce daga gobe motar layin Gusau za ta koma, ya gaji da hanyar Shinkafi da tsiyarta. Layin Gusau ba ya bi ta Moriki.

Shu'aibu ya rantse shi zai maida su gida. Sule ya shiga gaba, Asta ta zauna baya ita kaɗai. Farin ciki ya cika Shu'aibu, sai zuba yake, yana dariya yana bugun sitiyari.

"Wallahi daga yau kin zama yayata, Yaya Asta. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Na gode," ta ce.

Motar na gudu, gonaki na wucewa, ta ga hanya tana ƙarewa da sauri.

"Shu'aibu, bi a hankali."

Nan da nan ya ɗaga ƙafa. "Yi haƙuri, na manta. Tsoro bai sake ki ba ko?"

Ta bar shi a kan haka. Ya riƙa jan motar kamar mai ɗauke da ƙwai, har wani mai keke ya wuce su yana waiwaye. Sule ya yi tsaki ya ce a haka sai la'asar ta kuɓuce musu. Asta ta jingina kai da gilashi tana kallon ƙeyar direba, har rufin kwanon gidajen Moriki ya fara ƙyalli daga nesa.