Jar Fitilar Caji

Motar ta mutu a gangaren shiga garin Negotin. Budimir ya bar ta ta silalo da kanta har ƙofar garejin Jagoda, ya ja birki, ya sake murɗa makulli. Injin ya yi nishi ya yi shiru.

Matarsa Leposava tana kujerar baya, bargo a kan ƙafafunta da suka kumbura. Da tsakar rana ake ɗora ta a injin wankin ƙoda. In ta makara wani za a ɗora, ita kuma sai jibi. Motar asibiti tun asuba take zaga ƙauyuka, kuma amai take sa ta, shi ya sa tsohuwar motar da Budimir ya dawo da ita daga Jamus bayan ya bar aikin gini ta zama wani ɓangare na jinyar.

Jagoda wayoyin mota take gyarawa, sana'ar da ta gada wajen mahaifinta. Ranar ba ta buɗe gareji ba. Tana bayan gida tana gasa jan tattasan da za a ci da hunturu, ta fito tana goge yatsu a gaban riga.

"Kawu Budimir, har yanzu ba ka rabu da tsohuwar nan ba?"

"Wacce daga ciki?" in ji Leposava ta taga.

"Ke ai ba ki da na biyu, Inna. Me ya same ta?"

Budimir ya zayyana mata. Batir ba ya riƙe wuta. Kullum sai ya cire shi ya yi masa caji a gida kafin su fito. Ya sayo wani altaneta, na'urar da ke yi wa batir caji, wajen 'yan gwangwan ya ɗaura da hannunsa, ba abin da ya sauya. Yau da safe hazo ya sa ya kunna fitilu, ga inda suka kawo.

"Ki ara mini batir kawai, 'yata. Lokaci na tafiya."

"In ara maka ya kai ku, a dawowa ya ajiye ku a tsakiyar gonakin inabi. Sai Inna ta sauko ta tura?"

Ya zaci bonet za ta buɗe. Sai ta shiga mazaunin direba, ta murɗa makulli rabi, ta zuba wa dasbod ido. Fitilar mai ta kawo dishi-dishi, ta birkin hannu ma haka.

"Ina jar fitilar caji?"

"Wace fitila?"

Ba ta maimaita ba. Ta fito ta ɗaga bonet, ta zare siririyar wayar da ke shiga bayan altaneta, ta taɓa ta da fitilar gwaji. Ba wuta. Ta taɓa kan batir, fitilar ta ɗan yi ja.

"Altanetan nan ba ya tashi da kansa," ta ce. "Sai an ɗanɗana masa 'yar wuta tukuna, kuma ta cikin ƙwan fitilar cajin da ke dasbod take biyowa. Babu ƙwai, babu caji, ko guda nawa ka sayo."

Budimir ya tsaya yana kallon yadda take kwance dasbod ɗin, tana jera kusoshin a kan kujera bisa tsarin da ta ciro su, ba ta fizgar komai, ba ta kuma duba agogo. Robar ta tsufa, hannu mai gaggawa zai fasa ta. Ta juyo da allon, ta ga gurbin ƙwan fayau.

Ya san abin da za ta gani. Tun ƙarshen bazara fitilar ta fara ƙyaftawa duk lokacin da suka kama hawa. Leposava daga baya takan kafe ta da ido. Launinta ɗaya da fitilar da ke kunnawa a injin asibiti in jini ya tsaya a tiyo. "Budo, za mu kai kuwa?" Haka take tambaya a kowane tudu. Wata safiya kafin ta shirya, ya zura hannu ta ƙarƙashi ya zare ƙwan. Daga ranar ta daina tambaya.

Jagoda ta matso kusa da kunnensa. "Ƙwan da ya ƙone a gurbinsa ake samunsa, Kawu." Sannan ta ɗaga murya yadda za a ji a baya: "Ya faɗo ne. Hanyar ƙauyenku ai haƙoran mutum ma sai ta zubar."

Ta shiga gareji. Ana jin ta tana jan durowa tana mayarwa. Ta dawo da ƙwayaye cike da tafin hannu, ta gwada, babu wanda ya zauna. Na motar tsohon yayi ne, haɗe yake da gindinsa na roba.

"Sababbin nan ko sun shiga ba sa barin isasshiyar wuta ta wuce," ta ce. "Zan iya haɗa wani da dalma, amma sai ƙarfen ya yi zafi, kuma..."

Aka ji ƙarar buɗe jaka. Leposava ta miƙo hannu ta tsakanin kujeru, da wani abu ƙunshe a hankici.

"Gwada wannan."

Jagoda ta warware. Ta ɗaga ƙwan sama ta duba zarensa, lafiya lau. Ba ta kalli kowa ba, ta murɗa shi a gurbinsa.

"A aljihun wandonka na same shi ranar wanki," in ji Leposava. "Mutumin da ya gina rabin Jamus, bai iya ɓoye ƙwai ba."

"Me ya hana ki magana?"

"Na ɗauka ka san abin da kake yi. Laifina ke nan tun ranar aure."

Jagoda ta riga ta koma gaban mota. Ta danna fanbel ɗin da ke juya altaneta da babban yatsa, ya lotsa.

"Ga abin da fitilar take ta faɗa muku tun farko. Santsi yake yi, a sake yake, kai kuma da ka sauya altaneta ka mayar da shi yadda ka same shi."

Ta sassauta noti, ta sa ƙarfe ta banƙaro altanetan har bel ɗin ya miƙe, ta ɗaure. Ta jawo batirinta a baro ta jona.

"Murɗa rabi."

Fitilar ta kawo ja jawur.

"Tayar."

Injin ya kama, fitilar ta ɗauke. Jagoda ta cire nata batirin, ta ɗora mitar awon wuta a kan nasa, ta ce ya kunna manyan fitilu. Allurar ta hau ta tsaya cak. Ta mayar da dasbod da kusoshi biyu, sauran ta zuba masa a aljihun riga.

"Ku biyo a dawowa in sa sabon bel. Kada ka kashe ta sai a ƙofar asibiti. Tafi, Kawu, tattasaina na ƙonewa."

A hawan da ke gaban asibitin Budimir ya duba madubi. Leposava ta sunkuyo gaba, idonta a kan dasbod. Fitilar ba ta ƙyafta ba.

Da suka isa, ma'aikaciyar jinya tana bakin ƙofa da keken marasa lafiya, ba a kira sunan kowa a madadin Leposava ba tukuna. Budimir ya zagayo ya buɗe wa matarsa ƙofa, ta kama hannunsa ta sauko a hankali.

"In ta sake kunnawa ka bar ta, Budo," ta ce. "Gara in gani."