Akwatin Kifin Sa'ade

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, bai dire ni ko'ina ba sai wata kasuwa da ake auna ruwa da kwando. Ina rungume da akwatin gilashin Sa'ade, 'yata ta fari, wadda muka binne bayan Babbar Sallah. Ƙaramin akwati ne. Ita ta zuba masa yashi, ta dasa ciyayin ruwa, ta saka 'yan jajayen kifaye. Tun da ta tafi suke bin ta ɗaya bayan ɗaya, yanzu saura guda, shi ma ya daina cin abinci, don irinsu ba sa zaman kaɗaici. Na fito nema masa abokin zama. In ya mutu, ba sauran wani abu mai rai a gidana da ya saba ci daga hannunta.

Mai shagon kifin zalɓe ne, ya kafa hula, yana tsaye da ƙafa ɗaya. An ba kura ajiyar nama ke nan, amma ba wanda ya damu, ni ma ban damu ba.

Ya ce, "Alhaji, na ado kake so ko na miya?"

Na ce, "Na zama."

Ya tafa fikafikai, masu neman wuri suka yi layi. Tarwaɗa ce a gaba, tana murza gashin baki.

Ta ce, "Ni mai riƙon maƙwabta ce. Duk wanda na taɓa zama da shi yana nan tare da ni." Ta shafa cikinta.

Na ce ta je, za mu neme ta. Karfasa ta zo da fartanya a kafaɗa, ko gaisawa ba mu gama ba ta tambayi inda shukar take. Ragon ruwa kuwa, ƙaton kifin nan, hanci kawai ya sa, akwatin ya cika. Raina ya ɓaci. Kasuwa guda, a rasa ɗan ƙaramin kifi mai mutunci!

Sai ga ni durƙushe, goshina a jikin gilashin. Sa'ade tana ciki, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Ta ci ɗamara tana dashe a cikin yashi, kifin nan yana biye da ita.

Ta ce, "Baba, dogaye a baya, gajeru a gaba, kamar hoton makaranta. Ka bar masa wurin ɓuya, yana da kunya." Ta ɗago ta dube ni. "Wurin mutum ɗaya ya rage. Shigo mana ka taya shi zama."

Na cire takalmi. Na ɗaga ƙafa ke nan, zalɓe ya tare ni, ya ɗana bakinsa a kumatuna, ya tofar.

"Gishiri. Alhaji, wannan ruwan rafi ne, ba na teku ba. In ka shiga, kifin da ciyawar duk sun gama yawo."

"Ina na samo gishiri?"

"Kukan da ba ka yi ba. Yana nan ya daskare."

Gaskiyarsa. 'Yar fari ce, a wurinmu ba a kiran sunanta, ba a nuna ana ji da ita. "Yarinyar nan" nake ce mata har ta girma. Ranar zaman makoki mutane suna ta yaba dauriyata, ni kuma ina amsa gaisuwa kamar 'yar maƙwabci ce ta rasu. Da na motsa sai na ji abin yana ƙas-ƙas a ƙirjina, kamar an girgiza buhu.

Na ce, "To bari in yi shi yanzu."

Zalɓe ya miƙo mini kwando. Na zauna a tsakiyar kasuwa, ni da furfurata, na yi ta kuka. Kwandon ya cika da gishiri fari fat, mata suka zo da ludayi suna ɗiban na miya, suna yi mini sannu da aiki. Na cika wani, na sake cika wani. Duk lokacin da zalɓe ya ɗanɗana sai ya girgiza kai ya ce da saura.

Sa'ade ta gama dashenta. Ta karkaɗe yashin hannunta, ta kwance ɗamara.

"Baba, ni zan wuce, kada a rufe ƙofa."

Na ce ta jira ni kaɗan, na kusa. Ba ta ji ba, gilashin da kauri. Ta doshi dogayen ciyayin nan na baya, kifin ya raka ta rabin hanya ya dawo. Sai na buɗe baki, a gaban tarwaɗa da karfasa da duk mutanen kasuwa, na ƙwala kira:

"Sa'ade!"

Ta tsaya. Ta waiwayo, ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya.

"Kai, Baba! A gaban mutane?"

Ciyawar ta rufe bayanta.

Ɓul-ɓul ɗin ruwa ne ya tashe ni. Ashe an kawo wuta, ɗan injin iskan akwatin ya kama aiki a falo. Gari ya waye. Kifin yana nan da ransa, yana zagayen yashi shi kaɗai. Na wanke fuska da hannu sosai kafin na barbaɗa masa abinci, kuma ban yarda na sunkuya a bakin akwatin ba.