Gwiwar Eudosia

Eudosia na shanya wanki a saman tudu ta hango mijinta ya sake tsayawa. Wata uku ke nan: Belisario ya taso daga tashar jiragen ruwan Valparaíso, ya kama matakalar unguwa, yana kaiwa ƙofar Herminia, wadda mijinta ya rasu bara, sai ya toge. Shekara talatin da huɗu da aure, a ce sai yanzu da furfura? Kishin ma ta gaji da shi. Ta jefa rigar a bokiti ta gangara.

Ta tarar da shi riƙe da ƙarfen ƙofa, Herminia na miƙa masa ruwa.

"Sannunku da hira," in ji Eudosia.

"Wace hira, maƙwabciya? Mijinki ko gaisuwa ba ya amsawa, sai gumi. Haka nawa ya riƙa yi, yana cewa ƙwannafi ne."

"Ƙwannafi ne mana," in ji Belisario da ƙyar, dafe da ƙirji.

"Rufe min baki, tsoho," in ji Eudosia.

Kunya da tsoro suka kama ta lokaci guda. Awa huɗu suka yi a bencin asibiti kafin likita ta duba shi.

"Hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciyarka sun tsuke," ta ce. "Kana zaune, abin da ke wucewa ya isa. Ka hau tudu, zuciya ta nemi ƙari ta rasa, sai ciwo. Wannan ƙwayar kullum da safe. Ƙaramar kuma, in ya taso, ka zauna ka sa ƙarƙashin harshe. In an yi minti biyar bai lafa ba, a kira motar asibiti. Kuma ka riƙa hutawa tun bai kama ka ba."

"In yi ta zama a matakala ana kallona? Ni da na shekara arba'in ina sauke buhuna?"

Da la'asar suka tsaya a gindin matakala ɗari da ashirin. Ya sa kai zai haye kamar saurayi. A ta ashirin Eudosia ta zauna daɓas.

"Wayyo gwiwata!" ta ce da ƙarfi, yadda masu leƙe ta taga za su ji.

"Ke yaushe gwiwarki ta fara ciwo?"

"Yau. Zauna ka jira ni, marar tausayi."

Ya zauna gefenta yana gunagunin mata sun cika raki. Ta bar shi ya yi abinsa. Ta ɗaga kai ta dubi tudun: saura zama huɗu kafin gida, gobe kuma sai ta sauko ta tarye shi.