Takardar da ke Bangon Yahuza

"Sauko min da ita," in ji Dakta Abdurrahim, yana nuna bango da sandarsa.

Yahuza ya waiga ya dubi bangon, ya dawo ya dubi kawunsa, ya yi 'yar dariya irin ta mai fatan a ce wasa ake yi. Ranar kasuwar Jahun ce, shagonsa na maganin dabbobi cike yake da mutane, ga makiyaya biyu suna jujjuya kwalaben allura, ga wata mai kaji ta zo da mushen ɗan tsako a leda a duba mata. A bango, saman kantar shagon, kusa da agogo, takardar rajistar Dakta ce a cikin gilashi, wadda ke shaida cewa shi cikakken likitan dabbobi ne, da lambarsa da hatimin hukuma.

"Kawu, yanzu? A gaban mutane?"

"A gaban mutane ka rataye ta."

Ni na ɗauko shi a motata tun daga Dutse, kuma har muka shiga shagon nan ban san abin da muka zo yi ba. Sunana Muntaka, malamin firamare ne ni mai ritaya, katanga ɗaya ce tsakanina da Dakta a unguwar Takur shekara goma sha tara. Matata Zulfa takan ce da ana ba da digiri a bin diddigi, da tuni na zama farfesa, ni kuwa ban taɓa musa mata ba. Saboda haka da mutumin da asibiti suka sallamo da ciwon hanta, wanda ko masallacin ƙofar gida sai an riƙe shi, ya aiko cewa in kai shi Jahun, kafin Hajiya Rakiya matarsa ta gama rarrashinsa ya haƙura na riga na tayar da mota.

Yahuza ya taka kujera ya ciro takardar, ya goge ta da hannun rigarsa ya miƙa, fuskarsa kamar zai yi kuka. Dakta ya karɓa ya rungume a ƙirji, ya ba shi wata 'yar takarda a ninke.

"Sunaye uku ne da lambobin wayarsu. Duk yara ne masu rajista, duk na san aikinsu. Ka ɗauki ɗaya ya riƙa zama maka."

"Shagon nan ba zai ɗauki mutum biyu ba, Kawu."

"To ka sayar da dusa da gishiri, ba su da takarda."

A hanyar komawa na daure har muka wuce gari biyu, sannan na kasa. Na ce, "Dakta, faɗa kuka yi da yaron nan?"

Ya ce babu faɗa. Yahuza ɗan ƙanwarsa Ummi ne, marigayiya, a hannunsa ya tashi. Shagon maganin dabbobi kuwa doka ba ta yarda ya tsaya ba sai da likita mai rajista da ke kula da shi, shi ya sa da yaron ya buɗe shago ya ba shi takardarsa ya rataya, kuma duk ranar kasuwa yakan je ya wuni a can. Shekara biyu ke nan ƙafa ta hana shi zuwa, takarda kuwa tana nan tana aiki.

"Makon jiya Arɗo Jaji ya zo duba ni," in ji shi. "Ya ce sun gode da allurar da na ce a yi wa shanunsu. Ni ban ce ba. Na tambaye shi ko an gaya musu su dakata da tatsa na wasu kwanaki, ya ce babu wanda ya faɗa musu. Da yamma aka yi allura, da safe nono ya shiga gari. Yara suka sha magani a fura, Malam, kuma da sunana."

Na ce, "Amma yaron nan shekara goma yana cikin harkar. Bai iya ba?"

"Ya iya. Hannunsa ma ya fi nawa sanyi. Amma rajista ba don hannu ake yin ta ba, don a san wanda abu yake wuyansa ne idan ya ɓaci. A nan hukuma ta tambaye ka, a can ma a tambaye ka." Sai ya ƙara da cewa, "Ni tafiya zan yi. Takarda kuwa ba ta san mai ita ya mutu ba."

Da na bar maganar a nan, da na huta. Amma halin nawa bai bar ni ba. Bayan mako biyu na ce wa Zulfa zan je Jahun sayo wake, ta dube ni ta ce ashe wake ya ƙare a Dutse. Abin da ke cina shi ne in ga wanne Yahuza ya ɗauka cikin mutum ukun nan.

Bai ɗauki kowa ba. A wurin da takardar take a da, wata ce rataye, irinta sak, an yi hotonta mai kala an manne a cikin leda, sai sheƙi take yi. Yahuza yana ganin inda idona ya tsaya ya zagayo daga bayan kanta ya ja ni gefe.

"Baba, don Allah ka rufa min asiri. Masu duba shaguna suna zagaye, idan suka tarar da bango fayau rufewa za su yi. Yara shida nake ci da su. Na ɗan lokaci ne, wallahi."

"Dakta fa?"

"Kwana nawa ya rage masa? Kada ka tayar masa da hankali a banza."

Na dawo gida babu wake. Duk rayuwata ina son in sani, ranar nan kuwa na yi da-na-sanin sani.

Washegari bayan la'asar na shiga duba shi. Yana kwance a falo kan katifa, ya rame ƙwarai, idanunsa sun yi rawaya, takardar ainihin tana jingine a kan talabijin. Hajiya Rakiya ta kawo min ruwa ta fita. Na soma ba shi labarin masu gyaran kwalbatin layinmu, ya bar ni na yi ta zuba har na gaji.

"An ce ka je Jahun," in ji shi. Labari ya riga ya tsallaka katanga daga bakin Zulfa. "Ka leƙa bangon?"

Kalma ɗaya ce za ta raba ni da shi lafiya. In ce babu komai, ya lumshe ido ya yi hamdala. Na buɗe baki da niyyar faɗin haka, amma mutumin yana kallona irin kallon da yake yi wa akuya mai ɓoye ciwo, kuma shekara goma sha tara bai taɓa yi min ƙarya ba ko a kan tunkiyata da ya san ba za ta tashi ba.

Na ce, "Akwai wata. Hoto ya yi."

Ya mayar da idonsa kan silin. Can ya ce, "Ta yi kyau?"

"Ta fi ta ainihin sheƙi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ɗaga shi na ba shi ruwa. Ya sa na kira Yahuza a waya sau uku, ba a ɗauka ba. Na ce idan yana so in rubuta wa hukumar rajista takarda da sunansa, ya sa hannu, su je su gani da idonsu. Ya girgiza kai.

"Ɗan Ummi ne. Ba zan je in tarar da ita da ƙarar ɗanta a hannuna ba. Ka dai gaya masa na sani."

Na aika wa Yahuza saƙon kamar yadda aka faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Waya ta nuna ya karanta, amsa ba ta zo ba. Kwana huɗun nan duk wanda ya yi sallama sai Dakta ya juyo da kai ya ga ko shi ne, kuma duk juyawar nan ni take suka, don ni na ɗora masa wannan jiran. Ranar Alhamis da hantsi na ji kukan Hajiya Rakiya ta bayan katanga, na ajiye kofin shayi na fita.

An yi masa salla bayan azahar. Mutane sun cika layi, likitocin ma'aikata da mahauta da makiyaya da sandunansu. Yahuza ya iso ana daidaita sahu, kuma shi ya kama makara ta gaba har maƙabarta, bai yarda kowa ya karɓe shi ba.

Da muka dawo ya biyo ni har ƙofar gidana, ya tsaya kansa a ƙasa. Ya sa hannu cikin rigarsa ya zaro takardar nan mai leda.

"Tun jiya da yamma na sauke ta, Baba. Na ce yau da safe zan kawo masa da kaina. Ina tasha aka kira ni." Ya ɗago kai. "Ya san na sauke?"

Na ce, "Bai sani ba."

Ya gyaɗa kai. Na tambaye shi shagon fa, ya ce a rufe yake, ya kira Dakta Najwa daga cikin ukun nan, ta ce sai ta zo ta ga abin da yake sayarwa kafin ta yarda sunanta ya hau bangon kowa.

Ya kama takardar zai yaga, leda ta ƙi. Ya murɗa, ya sa haƙori, ta ƙi. Na leƙa cikin gida na karɓo almakashin ɗinkin Zulfa na ba shi. Ya zauna a kan dakali ya soma yankawa siriri-siriri, hatimi da lamba da sa hannu suna zuba tsakanin ƙafafunsa. A kusurwar sama akwai ɗan hoton Dakta na ƙuruciya, da gashin baki da farar rigar aiki. Da almakashi ya iso nan sai ya rage sauri, ya zagaye hoton a hankali, ya sa shi a aljihun gaban rigarsa, sannan ya durƙusa yana tsince sauran daga ƙasa.