Robar Birkin Barkono

Injiniya bai ga ranar da 'yarsa ta fara tafiya ba. Yana wani ɗakin otal a lokacin, safa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, matarsa ta turo masa bidiyon a waya. Haƙorin farko ma a waya ya gan shi. Kalmar farko kuwa "Baba" ce, sai dai wayar uwarta yarinyar ta nuna da yatsa sa'ad da ta faɗe ta, abin da har gobe ba ya so a tuna masa.

Aikinsa gyaran injinan asibiti ne, na ɗaukar hoton ƙashi da na duba ciki. A cewarsa, inji ba ya taɓa lalacewa a garin da mutum yake zaune. Litinin ya ɗauki jaka, Juma'a ya dawo da wanki da 'yan sabulan otal da suka riga suka cika durowa guda. Asabar da sassafe kuma sai ya cusa kansa cikin wani ɗamammen wando, ya kifa hular kwano, ya saɓa kekensa a kafaɗa ya sauko da shi daga bene, ya bi ayarin 'yan keke na abokinsa Dogo. Sai rana ta take yake dawowa, ya zube a kan kafet kamar buhu. Keken nan a falo yake kwana, jingine a bayan kujera. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ba ta kiran keken da komai sai "ɗan farinka".

Yarinyar kuwa Barkono ake ce mata, don 'yar ƙarama ce amma in ta shiga ido sai an yi hawaye. Da ta isa hawa keke, Injiniya ya sayo mata wani ja mai ƙararrawa, ya ajiye shi kusa da nasa, ya tara iyalinsa su biyu ya kafa doka.

"Tafiya ta wuce ni, haƙori ya wuce ni. Wannan kam ba zai wuce ni ba. Koyon keken yarinyar nan nawa ne. Ni zan riƙe mata sirdi, ni zan saki, da idona zan ga ta tafi. Kada wanda ya taɓa keken nan in ba na gari."

"An ji, ranka ya daɗe," in ji Malama, tana ci gaba da dubin littattafan ɗalibanta.

Ya kira Dogo ya ce a yi masa uzurin Asabar ɗaya. Ɗaya tak, a ganinsa, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai wani inji ya ƙi gyaruwa, ya riƙe shi a wani gari har ƙarshen mako ya wuce, sai a Asabar ta gaba suka samu fita.

Akwai wani filin shaƙatawa kusa da gidansu, mai manyan itatuwa da ciyawa da tafkin agwagi a tsakiya. Nan suka je. Malama ta shimfiɗa bargo a inuwa ta ajiye filas ɗin shayi. Injiniya ya sunkuya ya kama bayan sirdi, ya yi wa yarinyar bayani mai tsawo a kan duban gaba da taka feda, suka tashi. Tana takawa yana gudu, tana takawa yana gudu, har ya ji keken ya yi sauƙi a hannunsa. Ya saki. Barkono ta waiwayo, ta gan shi tsaye, ta karkata a hankali ta kwanta cikin ciyawa.

"Ba komai, haka kowa ya fara," ya ce da ita yana kaɗe mata riga.

Haka suka wuni. Ya sake neman uzurin Asabar ɗaya wurin Dogo, sannan wata, sannan ya daina kira don kunya. Dogo ne ya koma kiransa.

"Malam, wai keke kake koya mata ko tuƙin jirgin sama? Ɗan barewa ko rarrafen ya kasa?"

Abin ya tsaya wa Injiniya a rai. A ɗakunan otal ya daina kallon ƙwallo, ya koma kallon bidiyon yadda ake koya wa yara keke. Ya gwada cire feda, ya gwada ɗaura mata tawul a ƙarƙashin hammata yana riƙe ta baya. Kugunsa ya fara ciwo, har in zai duba ƙasan inji a wurin aiki sai ya dafa bango. Barkono ba ta fasa ba: da ya saki sai ta waiwayo, sai ciyawa. Abin mamaki, ko ƙujewa ba ta taɓa yi ba, kuma ba ya ganin ɓacin rai a fuskarta. In ta gaji da faɗuwa sai su je su watsa wa agwagi ɓarɓashin burodi, su dawo kan bargo ta haye cikinsa tana ba shi labarin wanda aka kama yana barci a aji.

Wani likita a wani asibiti ya ce masa a cikin kunne daidaiton jiki yake. Ranar nan ya dawo gida da fuska a ɗaure.

"Malama, ina ganin mu kai yarinyar nan a duba mata kunne."

Shayi ya sarƙe Malama. Ta yi ta tari har da hawaye, ta tashi ta shige kicin ta rufo ƙofa. Daga falo yana jin wani sauti da bai yi kama da tari ba, amma hankalinsa na kan kunne.

Injiniya yana da wata al'ada da Malama ta gaji da yi masa faɗa a kanta. Ran Juma'a in ya dawo, kafin ya buɗe jakar tafiya, sai ya shimfiɗa tsohuwar jarida a falo ya kifa kekensa, ya goge sarƙa ya ɗiga mata mai. Jan keken bai cika dubawa ba, keken da ba ya zuwa ko'ina. Wata Juma'a da yamma, Barkono na gidan maƙwabta, ya ce bari jan keken ma ya ba shi haƙƙinsa. Ya kifa shi, ya juya tayar baya, ya matsa birki. Hannun birkin ya tafi har ya taɓa ƙarfe kafin tayar ta tsaya. Ya duƙa ya duba. Robar birkin ta cinye, ta yi sumul. A tsakiyar tayar kuma ga wani wuri da ya goge, irin gogewar da ake samu in mutum ya taho a guje ya danne birki taya ta ja ƙasa.

Ya daɗe a tsugune. Ruwa ba ya tsami banza. Mai kwanciya cikin ciyawa bayan taku kaɗan ba ta cin robar birki. Ya kwance robar, ya riƙo ta da yatsu biyu, ya nufi kicin ya ajiye ta a gaban Malama kusa da albasar da take yankawa.

Ta dubi robar, ta dube shi, ta ajiye wuƙa.

"Na ce mata ta rage wannan birkin," ta ce.

"Tun yaushe?"

"Tun makon da inji ya riƙe ka. Ta yi ta kuka, na ce bari in riƙe mata kaɗan a tsakar gida don ta yi shiru. Wallahi Baban Barkono, ban ma san na saki ba. Ina ɗagowa na gan ta tana zagaye tankin ruwa. Yanzu yaran benen nan duk ta fi su gudu, mai gadi har ƙara ya kawo min." Ta goge hannu a zani. "Na ɗauki bidiyo, in kana son gani."

"Ba na so."

Ya faɗe shi da ƙarfin da bai yi niyya ba. Haushin ciwon kugu da dariyar Dogo ƙarami ne. Abin da ya soke shi shi ne wannan ma ya wuce shi, wannan ma yana cikin waya. Ya ji baƙin ciki sosai, irin wanda babba ke jin kunyar nunawa a gaban albasa.

"To me ya sa kuka mai da ni abin wasa?"

"Asabar ta farko dabarata ce, ba na musu. Na ce ta faɗi sau biyu, a na uku ta tafi, ka samu ranarka. Yarinya ta faɗi na uku, ta faɗi na huɗu, ina ta yi mata ido tana kallon sama. Sauran duk nata ne. Na tambaye ta dalili ta ce ba ruwana, tsakaninta da babanta ne."

Injiniya ya koma falo, ya sa wa jan keke sabuwar roba, ya ɗaure tsaf. Yana ɗaurewa yana gyaɗa kai. Wanda ya riga ka barci ai dole ya riga ka tashi.

Washegari a filin bai tsaya wurin da suka saba ba. Ya ja keken zuwa wata 'yar siririyar hanya da ta bi gefen tafki. Hannun dama shingen ƙaya ne, hannun hagu kuma taɓo ne da agwagi suka gama tattakewa suka yi abin da agwagi ke yi. Barkono ta dubi sabon farin takalminta, ta dubi hanyar.

"Baba, a can ciyawa ta fi kyau."

"Nan ya fi santsi, uwata. Hau."

Ta hau. Suka tashi, yana gudu a bayanta. Da suka yi nisa ya buɗe hannu, ya ɗaga murya yadda har agwagi suka juyo.

"Na saki!"

Ta waiwayo kamar kullum. Ta karkata dama, ta ga ƙaya, ta miƙe. Ta karkata hagu, ta ga taɓo, ta miƙe. Yana ganin bayan wuyanta yana neman dabara. Da dabara ta ƙare sai yarinya ta sunkuyar da kai ta taka feda da gaske. Ta wuce kamar an harba ta. Wani tsoho mai sanda ya shigo hanya, ta kaɗa masa ƙararrawa ta kauce masa da hannu ɗaya. A ƙarshen shingen ta danne birki, taya ta ja ƙasa, keken ya juyo ya fuskanci inda ta fito.

Injiniya ya tsaya riƙe da kugu yana haki, dariya na cin sa. Ya shirya maganar da zai faɗa, ta rana dubu ta ɓarawo. Amma da ta dawo, tana tuƙi a hankali, sai ya ga babu murna a fuskarta. Ta sauka ta saki keken ya faɗi, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

"To shi ke nan, na iya," ta ce. "Sai ka koma wurin su Kawu Dogo."

Nan take ya daina dariya. Ya dubi bargon can a inuwa, da filas, da ledar burodin agwagi, da Malama da ta miƙe tsaye ba waya a hannunta. Duk makonnin nan yana gudu a bayan yarinya yana neman daƙiƙar da zai sake ta, ita kuma tana zubewa cikin ciyawa don kada ya saki. Ya ji kunya, ya ji tausayinta, ya kuma ji wani daɗi da bai san inda zai sa shi ba.

Ya tsuguna, kugunsa ya yi ƙara. Ya ɗaga keken ya kaɗe sirdin, ya haɗa rai irin na ranar da ya kafa doka.

"Wa ya ce miki kin iya? Wannan ne iyawa? Kin iya hawa tudu?"

Ta dubi farin takalminta. "A'a."

"Kin iya ba da hannu in za ki sha kwana? Kin iya yin faci? In sarƙa ta zame kin iya mai da ita? Ga cin birki kamar ɓera. Ke aikinki ma yanzu ya fara. Mako mai zuwa da keke biyu za mu fito, in ga ko za a samu wani abu a kan nan naki."

Ta goge hanci da bayan hannu, tana kallonsa ta gefen ido.

"Zai daɗe?"

"Da irin wannan taurin kan? Sai dai addu'a."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Dogo ne, ana jin iska da hayaniyar 'yan keke a bayansa.

"Malam, yau dai an samu? Mu sa ran ganinka?"

Injiniya ya dubi Barkono. Barkono ta dubi wayar. Sannan ta ja kekenta zuwa inda ciyawa ta fi laushi, ta hau, ta taka sau ɗaya, ta kwanta a hankali tana kare farin takalminta.

"Ka dai ji da kunnenka," in ji Injiniya. "Ta sake faɗuwa. Ku tafi kawai, kada ku jira ni."